Kasona Kawai

"Direba, ruwan nan ya yi zafi! So kike ki ƙarasa abin da kika fara?" in ji Auta.

Direba ta ƙara ruwan sanyi a robar, ta gwada da bayan hannu, ta ci gaba da wanke wa Auta kai.

Shekara uku ke nan da wannan sunan ya manne mata a gidan. Tun ranar da motar da take tuƙawa ta daki ƙarfen gada, ita ta fito da ɗinki huɗu a goshi, Auta kuwa, ƙanwar saurayinta, ta fito ba ta jin komai daga ƙirji zuwa ƙasa.

Da safe tana shagon tabarau tana goge gilasai. Daga azahar tana wannan ɗakin. Duk bayan awa biyu wayarta za ta yi ƙarar tunatarwa, ta juya Auta zuwa ɗaya gefen, ta sa matashi tsakanin gwiwoyinta, ta shafa mai a dugadugai, ta duba bayanta kada gyambo ya fito. Babu wanda ya taɓa ce mata sannu. Ita ma ba ta ganin ta cancanta.

Yau ranar farko ce ta sabuwar shekara, shago a rufe, don haka ta yi sammako.

"Buɗe durowar nan ta biyu," in ji Auta, idonta a rufe. "Akwai abin da aka ce kada a nuna miki."

Ta goge hannu ta buɗe.

Katin aure ne, fari mai ruwan zinariya. Sunan Lauya, yayan Auta, mutumin da take jira shekara biyar. A gefensa sunan 'yar ƙanwar Umma, mahaifiyarsu. Saura mako uku.

Ta karanta sau biyu. Kumfar sabulu tana ɗiga daga gwiwar hannunta.

"Laa! Har kin gani?"

Amaryar ce tsaye a bakin ƙofa, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Ni da na so in kawo miki da hannuna! Amma kada ki damu, 'yar'uwa, babu abin da zai canja. Ki ci gaba da zuwa abinki. Kin san ni ba na jure warin magani."

Umma ta leƙo ta bayanta.

"Kallon me kike yi mana? Da me kike tsammani? Ki karya mini 'ya, in ɗauki ɗa in ba ki tukwici? Ki gode wa Allah da muka bar ki kina shigowa kina rage zunubi."

Direba ta ɗauraye kan Auta tas, ta tsane shi da tawul, ta gyara matashi. Sannan ta ɗauki jakarta ta nufi ƙaramin ɗakin da Lauya yake ajiye fayil-fayil ɗinsa.

Suna da wata al'ada su biyu, tun farkon soyayyarsu. Ranar farko ta kowace shekara, kowa zai rubuta niyyarsa a takarda, ya sa a ambulan, ya ba ɗaya ya ajiye. A shekarun farko wasa ne. Ita ta rubuta za ta rage barcin safe, shi ya rubuta zai daina kishi da abokan cinikinta. Bayan haɗarin, tata ta koma kalma uku: zan ƙara haƙuri. Tasa kuma ta koma magana ɗaya, shekara uku a jere, da rubutunsa mai kwanciya:

"Bana zan faɗa wa Umma cewa ni na tilasta miki ɗaukar wayar, in aure ki."

Domin a ranar, shi ne yake kira. Ya san tana tuƙi, shi ya aike ta ɗauko Auta daga makaranta. Sun yi ɗan saɓani da safe, ya kira sau bakwai. A na takwas ya turo saƙo, idan ba ta ɗauka yanzu ba, kada ta sake neman sa har abada.

Ta miƙa hannu. Daƙiƙa uku kacal.

A asibiti ya riƙe ta yana kuka, ya ce idan Umma ta ji za ta tsine masa. Ta rufa masa asiri zuwa ɗan lokaci.

Yana ganinta ya miƙe, ya rufe ƙofa.

"Hasken idona... zauna mana."

"Yaushe ka yi niyyar faɗa mini?"

"Wallahi yau. Kin san Umma. Ta ce ko wannan auren ko ta cire hannunta daga kaina. Ya zan yi? Uwa ce!"

"Ni fa?"

"Ke ai kina nan." Ya dafa ƙirjinsa. "Takarda ce kawai za a sa wa hannu, amma zuciya taki ce. Kuma ki duba Auta. Idan kika yi fushi kika daina zuwa, wa zai juya ta? Laifin yarinyar nan me?"

Ta dube shi. Har yanzu muryarsa tana narkar da wani abu a cikinta, wannan ne ya fi ƙona mata rai.

"Ka rubuta ta bana?"

Ya sosa ƙeya.

"Ai maganar da nake so mu yi ke nan, zumata. Takardun nan guda uku... suna jakarki? Ki ba ni su. Kin ga yanzu gidan zai cika da mutane, kada su faɗa hannun da bai dace ba."

"Shi ya sa na zama zuma yau."

"Haba, kada ki fassara ni haka. Kuma in gaskiya za a bi, a shari'a wanda yake riƙe da sitiyari shi ake tambaya. Ni kira na yi. Ban kamo hannunki na ɗora a kan waya ba."

Bai yi ƙarya ba. Abin da ya hana ta barci shekara uku ke nan: bai yi ƙarya ba.

Mahaifinta ya sha tare ta a ƙofa idan za ta fito. "'Yata, ana cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ke kuwa kin kwaso na kowa kin ɗora a ka. Tuba daban, bauta daban." Takan ce, "Baba, ba ka san komai ba." Shi kuma ya ce, "Na san kin rame."

Wayarta ta yi ƙara. Lokacin juyi.

"Zo ka karɓi takardunka a ɗakin Auta," ta ce.

Ya biyo ta da sauri, har yana tuntuɓe da kujera.

A bakin gadon ta tsaya, ta harɗe hannuwa.

"Juya ta."

"Ni? Ai ban iya ba..."

"Hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu. Lanƙwasa mata gwiwa tukuna. A hankali! Ba fayil ba ce."

Ya yi, yana gumi, yana kau da fuska. Zanin gadon ya jiƙe ta ƙasa, yatsunsa suka taɓa, ya janye su kamar ya taɓa wuta. Shekara uku, yau ne ya fara sanin nauyin ƙanwarsa.

Auta ta yi wata dariya marar daɗi.

"Yaya, ka ji ƙyama ko? Duk haka kuke. Umma tana juya ni tana tsaki. Mai jinyar da aka ɗauko tana riƙe numfashi." Ta juyo da ido. "Direba, tafiya za ki yi?"

"Auta, akwai abin da ba ki sani ba game da ranar..."

"Kiran Yaya? Sau bakwai? Ke, a kujerar gefenki nake fa! Ni na karanta miki saƙon. Ni na ce, ɗauka mana, kin san halinsa."

Direba ta zuba mata ido.

"An ce... an ce ba ki tuna komai ba."

"Ni na ce haka."

"Me ya sa?"

"Don hannunki ya fi na kowa taushi." Muryarta ko rawa ba ta yi ba. "Mai jin laifi ne kaɗai yake wanke mutum bai yamutsa fuska ba. Da na faɗa, da kin samu sauƙi. Da kin samu sauƙi, da kin tafi. Ke kina da ƙafafu, ni me nake da shi in ba ke ba?"

Direba ta dafa ƙarfen gadon. Ta so ta tsani yarinyar, ta nemi tsanar ta rasa. Shekarar Auta goma sha tara a lokacin haɗarin, kuma ba za ta sake taka ƙasa ba. Wa zai ce ga abin da shi zai yi a wannan gadon?

Ta buɗe jaka ta fito da ambulan uku. Lauya ya miƙo hannu. Daga falo ana jin dariyar amarya da Umma. Taku goma ne tsakaninta da rushe auren nan, kuma ta ƙirga su a zuciyarta, har ta ɗanɗana daɗin abin.

Sai ta tura takardun ƙarƙashin tafin hannun Auta.

"Wannan kason yayanki ne. Ki ba shi, ki ba Umma, ko ki ajiye, ya rage naki. Maganar da kika yi a mota kuma, ke da Ubangijinki."

"Hasken idona, don Allah..." Lauya ya fara.

"Kada ka sake kirana da wannan sunan. Ka riƙe na Direba, shi ne nawa. Ni na miƙa hannu, ba zan taɓa musu ba."

Ta ciro ta huɗu, tata ta bana, wadda ta rubuta tun asuba. Ta zare biro daga aljihun rigarsa, ta soke kalmomin nan uku, ta rubuta wasu a ƙasa. Ba ta miƙa wa kowa ba. Ta mayar jakarta.

"Me kika rubuta?" in ji Auta.

"Bana kasona kawai zan ɗauka." Ta gyara mata bargo. "Zan riƙa zuwa ranar Asabar in wanke miki kai, idan kina so. Wannan yana cikin kasona."

"Ban yafe miki ba."

"Na sani."

"To kada ki zo! Kin ji? Ba na son sadakar Asabar! Ko kullum ko babu!"

"Zan ƙwanƙwasa. In kin ce in koma, in koma."

Ta fita. A falo Umma ta ɗago.

"Ina zuwa da rana tsaka? Wa zai yi juyin azahar?"

"Ɗanki ya koya, Umma."

Ihun Auta ya biyo ta har bakin titi, tana kiranta, ba da Direba ba, da sunanta na gaskiya, wanda rabon da ta ji shi a gidan tun kafin gada. Ta kusa juyawa. Ta ciji leɓe har ta ji gishirin jini, ta ci gaba da tafiya.

Ba gida ta nufa ba. Ta daɗe zaune a tashar mota tana kallon motoci suna cika suna tashi, kafin ta shiga ɗaya. Ta zauna kusa da wata dattijuwa mai kwando a cinya.

Suna tsakiyar hanya wayarta ta yi ƙara.

Kafin ta ankara ta miƙe tsaye, hannuwanta biyu a buɗe, ɗaya na kafaɗa, ɗaya na ƙugu.

"'Yata, nan za ki sauka?" dattijuwar ta tambaya tana janye kwandonta.

Ta dubi hannuwan nan nata, duk sun faffashe da sabulu. Ta kashe ƙarar. Ta laluba jaka ta ciro 'yar kwalbar man da take shafa wa Auta a dugadugai.

"A'a, Inna," ta ce, hawaye yana zubo mata. "Da saura."

Ta zauna, ta fara shafa wa hannunta man.