Azarar Ɗakin Inna

"Rabi'u... sauko!"

Muryar Mansura ta fita da rawa, har Rabi'u da ke can saman gini ya saki gudumarsa ta faɗo ƙasa.

"Lahiya, Injiniyata?"

Idonta na kan wata baƙar azara da ta ratsa tsakiyar ɗakin da za a kai ta amarya bayan Sallah.

Gidan nata ne tun kafin a kafa dirka ɗaya, domin ita ta zana shi da hannunta bayan ta gama karatun zanen gine-gine a Birnin Kebbi. Gidan itace ne zalla, a ɗage bisa dirkoki a bakin gulbin Argungu, yadda in ruwa ya yi ambaliya zai bi ta ƙarƙashi ya wuce abinsa. Rabi'u kuwa jikan masu sassaƙa jirgin ruwa ne, mutum mai taurin kai a kan sana'a. Ba ya sa ƙusar ƙarfe a ƙashin gini. Sai ya huda wannan itace, ya zura wancan, ya kulle su da ƙusar itace. Kuma ba ya son ɗanyen katako, ya fi son tsohuwar azarar giginya da ta shekara tana shan hayaƙi, wadda gara ke gani ta canza hanya.

"Ina kas samo wagga?" Ta nuna da yatsa.

"Dikko yak kawo min su, ɗan bappanki. Ya ce na tsohon ɗakin ajiyarshi na. Mi ya hwaru, masoyiya?"

Mansura ta hau tsani, ta shafa azarar. Ga su nan, gurabe uku da igiyar ragaya ta ci a jikin itacen, inda ake rataye ƙoren nono. Ga tabon baƙin fitila a gefe.

"Ta ɗakin Innata ta..."

Rabi'u ya yi tsaye kamar an dasa shi.

Kowa a garinsu Ambursa ya san ɗakin Innar nan. Tun Mansura tana ƙarama, wata damina aka kwana biyu ana tsuga ruwa, ɗakin ƙasa ya rufta da rana tsaka, mahaifiyarta Ummu Hani ta rasu a ciki. Tun daga ranar mahaifinta, Malam Hodi, ya hana a taɓa kangon. Ko kara ba a ɗauka a wurin.

Kafin ɗayansu ya sake magana wayarta ta yi ƙara. Baba ne.

*

A zauren gidansu a Ambursa ta same shi, Dikko na gefe ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Shi dai Dikko ya daɗe yana son Mansura, ya kai maganar aka ce ta riga ta zaɓa, ya yi dariya ya ce Allah ya sa alheri. Ashe dariyar iyakarta haƙora.

"Kin ji abin da yaron naki ya aikata?" in ji Malam Hodi. "Dama da ƙyat nib bari. Nac ce a yi maki ginin siminti, kunka ce itace. Yanzu kuma kangon uwarki anka shiga!"

"Baba, ba shi yas shiga ba. Yaya Dikko yak kai mai su har Argungu."

Dikko ya zabura. "Ni? Wallahi Bappa..."

"Direban da yad ɗauko su shina nan tasha, a kira shi."

Dikko ya fara lalubar takalminsa, wai ya tuna an bar masa ruwa a buɗe a gonar albasa. Malam Hodi ya bi shi da kallo har ya fice.

Mansura ta ɗauka an gama. Sai ta ga fuskar mahaifinta ba ta saki ba.

"Dikko nawa na, ni san yadda za ni yi da shi. Amma ɗiyata, azarar ga ita tak kashe uwarki. Da idona nig gan ta kwance kusa da gawa. Sannan a ce ke ki kwanta ƙarƙashinta?" "Mutumin da ba ya tambayar inda itace yah hito, in ba shi ke? A maido min abina. Zancen aure kuma a dakata."

*

Ta kira Rabi'u tana kuka.

"Ka zo ka ba shi haƙuri, ka hwaɗa mai yaudararka anka yi!"

"Mansura, Baba gaskiya garai. Kakana bai taɓa sa gizago ga itace ba sai ya ji tarihinshi. Ni nig ga azara mai kyau, kwaɗai yak kama ni, ban tambaya ba."

"To ka cire ta kawai..."



"Ke kiz zana gidan, rabin raina. Kin san inda take."

Ta sani. Azarar ce ta ɗaure ɓangarorin rufin biyu, duk sauran itatuwan rufi a kanta suka kwanta. In za a zare ta, sai an kwance rufin gaba ɗaya, ga damina ta ƙarato. Aikin da ya ci masa rani guda kenan.

"Za ni kwance," ya ce. "Ko an ba ni ke ko ba a ba ni ba, ba ni riƙe abin da yas sa tsoho kuka."

Nan Mansura ta ƙara jin sonsa har cikin ƙashinta, ta kuma ji tsoron rasa shi fiye da kullum. Bayan ta ajiye wayar ta daɗe zaune a bakin rijiya. Akwai abin da ta sani game da azarar nan wanda ba wanda ya sani, don ba wanda ya taɓa tambayar yarinya ƙarama abin da ta gani. Ta girma tana kallon mahaifinta yana kauce wa kangon, ita kuma tana kauce wa zancen don kada ta fama masa ciwo. Kowannensu yana lallashin ɗan'uwansa da shiru.

*

Ranar Asabar da hantsi Malam Hodi ya ɗauki hayar a-kori-kura zuwa Argungu. Mansura ta ce za ta bi shi, bai hana ba.

Sun tarar Rabi'u ya sauke rufin, itatuwa jere a ƙasa. Ya durƙusa ya gaida tsohon, bai kawo uzuri ko ɗaya ba. Sannan ya hau, ya fara bugun ƙusar itacen da ta riƙe azarar. Ta fito rabi.

"Dakata!"

Mansura ce. Ta juya ta fuskanci mahaifinta, hawaye na zuba.

"Baba, kana fadama ran nan. Ni ina ciki."

"Na sani, ɗiyata. Allah yat tsishe ki."

"Da wagga azara yat tsishe ni."

Tsohon ya ɗago kai.

"Da rufin yaf fara zubowa, gefenta guda yas sauko yad dogara ga gadon Inna, ɗayan shina sama. Inna tat tura ni ƙarƙashi. Tac ce, 'Mansura, rungume ta, kada ki saki sai na dawo.' Tan nufi ƙofa ta kira mutane... bangon ƙofa yah hwaɗo mata." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ƙasa duk ta zubo bisa azarar ga, ba ta karye ba. Da mutane sunka zo, sunka jaye ta gefe don su hiddo ni. Shi ya sa kag gan ta kusa da Inna."



"Don mi ba ki taɓa hwaɗa min ba?"

"Ba ka taɓa tambaya ba, Baba. Ni kuma ban son ganin hawayenka."

Malam Hodi ya tafi a hankali ya kama tsani. Rabi'u ya miƙo hannu zai taimaka, ya ture. Da ya kai sama ya sa tafinsa a kan gurabun igiyar nan uku, ya daɗe yana shafawa, leɓunansa na motsi. Shekara da shekaru yana tsinar itacen nan a zuciyarsa.

"Yaro."

"Na'am, Baba."

"Gara ba ta cinta?"

"Ba ta ci, Baba. Za ta ga jikokin jikoki, in Allah ya so."

"Ba ni gudumar."

Rabi'u ya kalli Mansura, ya miƙa. Tsohon ya saita ƙusar da ta fito rabi, ya buga. Hannun manomi ne, bugun ya karkace, Rabi'u ya runtse ido don tausayin itacensa. Tsohon ya sake bugawa har ta shige.

"Uwarta ta ba azarar ga amana," ya ce, yana haki. "Ba ni za ni karɓe ba. Kai kuma, daga yau ka riƙa tambaya."

"In sha Allahu, Baba."

"Ka maida rufin ga kahin ruwa shi sauko. Ba ni ɗage biki don ragwancinka."

Mansura ta yi dariya cikin kuka.

Bayan Sallah aka kawo amarya. Mata masu jere suka yi ta tsegumi, wai ga gida sabo fil an bar baƙin itace a tsakiyar ɗaki, ko fenti ba a shafa masa ba. Mansura na jinsu daga cikin lulluɓi.

Da aka watse, ta buɗe akwatinta ta ciro sabuwar ragaya da Baba ya saƙa mata da hannunsa. Rabi'u ya riƙe mata tsani.

Igiyoyin uku suka zauna daidai cikin gurabunsu.

"Inna," ta ce a hankali, tafinta a jikin itacen, "ban saki ba."