Jinin da Ba a Taɓa Ɗiba Ba

"Ba zan durƙusa ba, Kawu, kuma ba zan buga maƙalarka ba."

A gaban kantar 'yan sanda ta faɗi haka. Sufeto ya ɗago kai ya dube ta. Matashiya ce siririya mai tabarau, editar mujallar binciken lafiya ta jami'a. Wanda ta kira Kawu kuwa Farfesa ne, yayan mahaifiyarta, shi ya riƙe ta tun rasuwar ubanta.

"Ka ji ko, Sufeto?" in ji Farfesa. "Na so a kashe maganar a gida, ta ƙi. To rubuta. An fasa firizar ɗakin gwajina, an kwashe kwalaben jinin marasa lafiya ɗari biyu. Ita ce. A kai ta bayan kanta."

"Me za ta yi da jinin mutane, ranka ya daɗe?"

"Baƙin ciki. Halin kaza gare ta, ci ki goge baki."

Sufeto ya ɗauki hularsa. "Bayan kanta ba ya gudu. Bari mu fara gani da ido."

Ofishin mujallar ɗan ƙaramin ɗaki ne, fanka na kuka a sama. Editar ta kunna kwamfuta.

"Maƙala Kawu ya aiko," ta ce. "Wai ya gano ruwan wani ganye da ke warkar da ciwon ƙoda. Ga hoton jinin majinyaci kafin magani, ga shi bayan magani."

"Na ga sun bambanta."

Ta juya na biyun, sama ya koma ƙasa. Sufeto ya matso. Hoto ɗaya ne, har ɗan tabon da ke gefe.

"Sai na ce ya kawo jinin a sake gwadawa kafin a buga. Ya ce, Auta, ni za ki tuhuma?"

"Kawunki ne fa. Da kin kau da kai."

"In na kau da kai, gobe masu ciwon ƙoda su bar wankin ƙoda a asibiti su koma shan ganye. Wa zai binne su, Yallaɓai? Ni ko shi?"

Mai kula da ɗakin gwajin, wanda kowa ke kira Dogo, ya tarbi Sufeto da rantsuwa tun kafin a tambaye shi.

"Wallahi jiya da rana na ga editar nan, ta fito da kwali a ka."

"Kai kana ina?"

"Na dawo daga cin abinci."

"Kwalin na ɗigar da ruwa?"

"Sosai. Ƙanƙara ce ke narkewa, har rigarta ta jiƙe."

Sufeto ya zagaye fasasshen kwaɗon da ke ƙasa, ya ɗaga murfin firizar. Iska mai ɗumi ta bugi fuskarsa. Ya shafa ciki da yatsa, ƙura ta biyo shi. A kusurwa gizo-gizo ya yi saƙa har hawa biyu.

"Zo ka kama mini, mu ja ta."

Dogo ya ƙi matsowa. Sufeto ya ja da kansa. A bayan firizar, inda injin ya kamata ya zauna, rami ne kawai da wayoyi masu tsatsa.

"Wannan ce ta yi ƙanƙarar da ta jiƙa rigar?"

Dogo ya zube ƙasa. "Ka rufa mini asiri, Yallaɓai. Tun bara waccan na sayar da injin."

"Farfesa bai sani ba?"

"Ina zai sani? Rabonsa da ɗakin nan an daɗe. Waya kawai ya yi mini, ya ce in fasa kwaɗon, in ce na gan ta. In na ƙi, ya kore ni."

Sufeto ya sa aka kira Farfesa da editar. Ya tare su a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, yaushe ka ga jinin na ƙarshe?"

"Shekaranjiya. Da idona, a daskare."

"A cikin wannan firizar?"

"Akwai wata ne?"

Sufeto ya kauce ya ba shi hanya. Farfesa ya daɗe yana kallon ramin. Ya dubi Dogo, ya dubi wayoyin, sannan ya cire tabaransa ya sa a aljihu.

"Babu jini," ya ce. "Ba a taɓa ɗiba ba. A kan teburina na zauna na tsara alƙaluman. Kujerar shugaban tsangaya nake nema, ana son sabon bincike. Wa ke bin diddigi? Kowa haka yake yi." Ya juya ga editar. "Sai ke. Ni na saya miki fensirinki na farko. Da na san abin da za ki rubuta da shi, da na bar ki kina wanke-wanke a gidan mutane."

"Ban manta da alherinka ba, Kawu. Amma ba zan buga ba."

Ankwa ta yi ƙara a hannun Farfesa, ta sake yi a hannun Dogo.

A farfajiya wata dattijuwa ta sha gabansu, mayafinta na jan ƙasa. Mahaifiyar editar ce. Ba ta kalli ɗan'uwanta ba, 'yarta ta kalla.

"Kin huta? Kin sa an ɗaure wanda ya rufa mana asiri. Kar ki sake taka mini ƙofa."

"Inna..."

"Ba ki da Inna."

Sufeto ya rufe ƙofar mota. Ya san yadda irin wannan ke ƙarewa, kuma haka aka yi. Kafin mako ya zagayo an ba da belin Farfesa. Ita kuwa jami'a ta sauke ta daga mujallar, wai ta tona asirin gida. Babu malamin da ya yarda ya duba digirinta na uku. Ta rasa aiki, ta rasa karatu, ta rasa uwa, a kan maƙala ɗaya da ta ƙi bugawa.