Ranar da Turai Ta Kife Randar Sadaka

Ruwan sama ake yi kamar da bakin ƙwarya, amma Turai tana durƙushe a cikin taɓo a ƙofar gidan da aka haife ta, ƙullin kayanta na gefe inda aka jefo mata shi. Ba ruwan ne yake sa ta rawar jiki ba, idanun mutanen unguwa ne da suka cika zaure da gindin katanga suna kallonta kamar yau suka fara ganinta. A gefenta, ƙarƙashin tsohuwar bishiyar ɗorawa, ga wata babbar randa a kife, bakinta a ƙasa. Ita ce ta kife ta da hannunta... kuma a kan wannan ne yau ake korar marainiyar Allah daga gidan ubanta!

Abin ya faru ne a wani ɗan ƙauye da ke tsakanin Gwaram da Basirka, a shekarun da jihar Jigawa take sabuwa fil, lokacin da mutane kan yi tuntuɓen harshe su ce su 'yan jihar Kano ne sannan su yi dariya su gyara. Kai, zamani mai daɗi! A lokacin duk wanda ya bi hanyar nan ya san randar Hadijatu, mahaifiyar Turai. Kullum da sanyin safiya takan ɗauki tulu ta tafi rijiyar burtsatse ta bayan makarantar firamare, sahu uku, ta cika randar nan sadaka, ta rataye moɗa a jikin ɗorawa. Manomi ya sha, Bafillatana mai tallan nono ta sha, amma waɗanda suka fi kowa morewa su ne yara in an taso daga makaranta, su yi dafifi suna ƙwacen moɗa, ita kuwa tana daga zaure tana cewa, "A hankali 'ya'yan nan, ruwan ba zai gudu ba!" Da mahaifin Turai ya rasu, Hadijatu ta ce ladan ruwan nasa ne. Da ita ma ciwon ajali ya kama ta, sai ta riƙe hannun 'yarta ta ce, "Turai, ban bar miki komai ba sai randar nan. Kada ki bari yaran mutane su zo su koma da ƙishi."

Turai ta riƙe wasiyyar shekara biyar cur a hannun ƙanin mahaifinta, Baffa Maikano, da matarsa Inna Hapsatu. Ita ce daka, ita ce wanke-wanke, ita ce ta goyi Lailatu, 'yar autar Inna Hapsatu, tun ranar suna har ta yi wayo, amma duk da haka ba ta taɓa barin randar ta kwana biyu babu ruwa ba. Abin da yake ci wa Inna Hapsatu rai kuwa shi ne, duk wanda ya sha sai ya ce, "Allah ya jiƙan Hadijatu," ba a taɓa ambaton sunanta ba ko da kuskure.

Sai daminar nan ta zo da amai da gudawa. Aka buɗe wurin jinya a wata makaranta a Gwaram, aka turo ma'aikata daga Birnin Kudu, cikinsu har da wata nas, Kirista mai fara'a, Sista Dinatu, wadda Hausa ta zauna a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya. Dagaci ya ce kowace unguwa ta ba da yarinya mai ɗan karatu ta taimaka. Inna Hapsatu ta yi caraf ta ce, "Ga Turai nan, ita ce ba ta da mai yi mata kuka." Da Turai ta ce to randa fa, sai ta taɓe baki ta ce, "Au, ke kaɗai ce mai son lada? Ni zan dinga cikawa."

A wurin Sista Dinatu ne Turai ta koyi haɗa ruwan gishiri da sukari, ta koyi cewa cutar nan ba iska ba ce, ba kuma sammu ba, ta ruwan sha take bi. Har ta roƙi ɗan farin maganin tsarkake ruwa ta zo ta zuba a randa wata rana, yara suka yi ta yamutsa fuska suna cewa yau ruwan yana warin asibiti. Wannan ɗan alherin ne, wayyo, daga baya ya zame mata igiyar da aka ɗaure ta da ita.

Don ba a yi sati biyu ba sai ta lura da wani abu da ya tayar mata da hankali: yaran da ake kawowa daga ƙauyensu duk 'yan makaranta ne, duk kuma masu bi ta ƙofar gidansu ne. Ranar da Abdulsalami, ɗan Malam Ƙasimu maƙwabcinsu, yaro ɗan shekara shida mai wushirya, ya cika a kan cinyarta, ba ta tsaya ko wanke fuska ba ta kamo hanyar gida. Ta leƙa randa, ruwa garau kamar hawaye. Ta ɗan ɗanɗana a harshe ta tofar, sai ta ji ɗan bauri irin na alif, abin nan da ake jefawa a ruwan taɓo don dattin ya kwanta. Ta zura hannu har ƙasan randar, ta ɗebo laka, a cikin lakar kuwa ga wani ɗan talibambam yana motsi a tafin hannunta! Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un... yaushe rijiyar burtsatse ta fara haifar 'ya'yan kwaɗi? Ruwan kududdufin bayan gida ne, inda ruwan sama yake kwaso ƙazantar unguwa duka ya zuba. Can daga nesa ta jiyo hayaniyar yara an taso daga makaranta, sun nufo ɗorawa a guje. Ba ta da lokacin neman kowa. Ta rungumi randar uwarta tana kuka, ta ce, "Inna, ki gafarce ni," ta tuntsurar da ruwan, ta kife ta.

A ƙauyen nan kuwa kife randar sadaka ba ƙaramin abu ba ne. Cewa ake wanda ya yi haka ya toshe wa mamaci ƙofar lada.

"Jama'a ku zo ku gani!" Inna Hapsatu ta fito tana tafa hannu. "Ta yanke wa uwarta da ubanta lada suna kabari! Ku tambaye ta mana, me take ɓoyewa? Ba ita ce ta zuba wani farin abu a ruwan nan ba, wanda yara suka ce yana wari? Tun daga ranar 'ya'yan mutane suke zubewa. Yanzu ta zubar don kada a gane!"

"Baffa, wallahi ruwan kududdufi ne," Turai ta ce. "Ga shi na gani da idona, har da..." Ta buɗe hannunta, amma ruwan sama ya riga ya wanke shi tas, babu komai sai tafin hannu.

"Ni ce zan ba mutane ruwan kududdufi? Maigida, kana tsaye 'yar da na ci da ita na sha da ita take yi mini wannan ƙazafi?" in ji Inna Hapsatu.

Malam Ƙasimu, wanda ko ƙasar kabarin ɗansa ba ta bushe a ƙafarsa ba, ya dube ta da jajayen idanu ya ce, "Turai, Abdulsalami Yaya yake ce miki. Me ya yi miki?" Wannan maganar ta fi mata zafi a kan marin da Baffa ya yi mata bayan nan. Baffa Maikano ba mugu ba ne, amma mutum ne mai tsoron bakin jama'a da bakin matarsa. Ya kau da kai ya ce, "Tashi ki bar mini gida." Lailatu kaɗai ce ta fito a guje ta riƙe mata zani tana ihu, "Yaya, kar ki tafi! Yaya!" har sai da uwarta ta fizge ta. Kafin Turai ta kai kwanar makaranta ta waiwayo, ta ga an tayar da randar an gyara mata zama. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Ya Allah, ni dai ka bar ni da abin da aka ce, amma ka tsare yaran nan..."

A ƙasa ta taka har Gwaram. Can ma ba ta tsira ba, don labari ya riga ta isa. Matan ƙauyensu da ke jinyar 'ya'yansu suka ce in dai Turai ce za ta miƙo kofi, gara su kwashe yaransu su koma gida. Sista Dinatu ta yi bayani har muryarta ta dishe, ta aika wa dagaci takarda a kan randar, aka ce mata wannan maganar cikin gida ce, baƙo ba ya shiga. Dole ta mayar da Turai bayan aji, wurin wankin bokitai da tabarmin marasa lafiya. "Yi haƙuri ƙanwata," ta ce mata tana share mata hawaye da bakin gyalenta. "In suka kwashe yaran, mutuwa za su yi. Ni na san ba ki yi ba, Allah ma ya sani." Kwana tara Turai tana wanki har fatar hannunta ta saɓule, kullum kuma tana hango ana shigo da wani yaron da ta sani, wanda ta taɓa ɗaga shi ya kai ga moɗa.

A rana ta goma da hantsi, sai ga Baffa Maikano a kan keke, ya ɗaure yarinya a bayansa da rawaninsa, Inna Hapsatu na biye a kan babur ɗin haya ba ko mayafin kirki. Lailatu ce! Idanunta sun faɗa, leɓɓanta sun bushe kamar ganyen kuka. Sista ta nemi jijiya ta sa mata ƙarin ruwa da ƙyar, ta ce lallai a dinga ba ta ruwan gishiri da sukari cokali-cokali. Uwar ta kai cokali, yarinya ta datse haƙora. Uban ya gwada, ta kau da kai. Sai can ƙasa-ƙasa aka ji tana cewa, "Yaya... a kira mini Yaya..."

Sista Dinatu ba ta nemi izinin kowa ba, ta leƙa taga ta ƙwala kira. Turai ta wanke hannu ta shigo. Ta zauna ta ɗora kan Lailatu a cinyarta kamar yadda ta saba tun tana jaririya, ta ce, "Haba 'yar gidan Yaya, buɗe bakin mana, ko so kike in ce tsuntsu ya shanye?" Yarinya ta buɗe baki. Cokali ɗaya, biyu, goma... tun hantsi har aka yi la'asar Turai ba ta motsa ba, ƙafarta ta mutu ba ta sani ba, bakinta yana ta addu'a. Wajen la'asar sakaliya Lailatu ta buɗe ido sosai, ta hango uwarta a rakuɓe, sai ta fashe da kuka.

"Inna, kar ki dake ni... na sha ruwan randa. Ƙishi nake ji, na ga su Lami suna sha."

"Yi shiru, yi shiru, ba ki da lafiya," Inna Hapsatu ta ce da sauri tana waige-waige.

"Na san kin hana ni. Kin ce na kududdufi ne, na 'ya'yan mutane ne, ni in dinga shan na tulun ɗaki... Ba zan ƙara ba, Inna."

Allahu Akbar! Matar Malam Ƙasimu, wadda take jinyar ɗanta na biyu a tabarmar kusa, ta miƙe tsaye a hankali ta ce, "Hapsatu, na 'ya'yan mutane? Abdulsalami nawa shi ne ɗan mutane?" Inna Hapsatu ta zube a ƙasa tana cewa rijiyar ce da nisa, ita ta zaci alif yana kashe komai, sharrin shaiɗan ne. Baffa Maikano kuwa, dattijo da furfurarsa, sai ga shi durƙushe a gaban 'yar ɗan'uwansa, hawaye yana bin gemunsa. "Turai, na ci amanar yayana. Da wane ido zan kalle shi gobe ƙiyama?"

"Tashi Baffa, don Allah tashi," ta ce tana kuka. "Ni na yafe. A dai aika yanzu a kife randar nan kafin a taso daga makarantar allo."

Aka aika mai babur ya kife ta, wannan karon da umarnin dagaci, kuma daga wannan satin aka daina kawo yara daga ƙauyen. Lailatu ta warke. Inna Hapsatu kuwa, ba a kai ta kotu ba, don iyayen yaran sun ce sun bar ta da Allah, amma daga ranar babu wanda ya ƙara karɓar ruwa daga hannunta. Ko baƙo ne ya yi sallama ta kawo masa, sai wani ya raɗa masa, ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi. Ba ta cika wata biyu ba ta tattara ta koma gidan iyayenta a Maruta, Baffa kuma bai je biko ba.

Ranar da aka rufe wurin jinya, Sista Dinatu ta rako Turai gida da kanta, da alkawarin za ta nema mata gurbin koyon aikin jinya a Birnin Kudu, alkawarin da ta cika. Suka tarar da unguwa ta taru a gindin ɗorawa. An wanke randa da tafasasshen ruwa, Malam Ƙasimu ya sassaƙa mata murfin katako da hannunsa, an yi wa moɗa dogon mariƙi don kada hannu ya ƙara taɓa ruwan. Can sai ga Baffa Maikano tafe daga rijiyar burtsatse da tulu a ka, abin da ba a taɓa ganin magidanci ya yi ba a garin, ruwa yana zubo masa a riga, bai damu ba. Ya juye, ya koma, sai da ya yi sahu uku kamar yadda marigayiya take yi. Turai ta jefa farin maganin nan a gaban kowa, ba wanda ya ce uffan.

Ana cikin haka aka taso daga makaranta. Yara suka kwaso a guje, Lailatu a gaba, suna ture juna. Turai ta ɗaga moɗa sama, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ji muryar uwarta ce take fita daga maƙogwaronta.

"A hankali 'ya'yan nan... ruwan ba zai gudu ba."

Wata tsohuwa a zaure ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Allah ya jiƙan Hadijatu." Jama'a suka amsa da amin, Malam Ƙasimu ya ƙara da cewa, "Ya kuma yi wa 'yarta albarka."