Wa Ke Cinye Abincin Auta?

Siririya ta buɗe kular, tururi ya bugi fuskarta, ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka aika rijiya da kwando. Shinkafa ce cike har baki, mai na ƙyalli a kanta, ga cinyoyin kaza uku sun baje kamar masu jiran a ɗauke su hoto.

"Maigida, ka taimaka ko da cinya ɗaya ce."

Mijinta, wanda duk gidan ke kira Auta, ya yi cokali biyar ya ajiye. Ya jawo gorar ruwa ya kwankwaɗa, don maganin nan yana busar masa da baki.

"Wallahi na ƙoshi. Ko ƙamshin ma bai kira ni ba."

"To ni ya kira ni ne? Tun safe nake fama da ta jiya."

Ya kalle ta da idon tausayi. Ita kuwa ta sassauta zani, ta yi bisimilla, ta sa hannu.

Ga yadda abin ya faro. Auta direban babbar motar kamfani ne, mutum mai faɗi, wanda abokan aiki ke yi wa kirari da Tanki. In ya hau mota sai ta ɗan durƙusa ta gaishe shi. Wata rana jiri ya ɗebe shi a bakin aiki, aka kai shi asibiti. Likita ta auna jini, ta ɗora shi a sikeli, ta ce ciwon suga bai shigo ba tukuna, amma yana tsaye a bakin ƙofa yana sallama. Ya yi wata shida yana ƙoƙarin rage ci da kansa, sikeli ko gezau. Sai ta rubuta masa ƙwayar rage sha'awar abinci, ɗaya kowace safiya, na 'yan watanni, da sharaɗin ya riƙa tafiyar ƙafa, ya kuma dawo duk wata a duba bugun zuciya da hawan jini.

Matsalar ɗaya ce, kuma tana zaune a ɗakin bakin ƙofar gida: Inna, mahaifiyarsa. Ciwon suga ne ya ɗauke mijinta, bayan an yanke masa ƙafa. Tun daga nan ko sunan ciwon aka ambata sai jininta ya hau. Shi ya sa ranar da Auta ya dawo da kwalbar magani ya riƙe hannun matarsa ya ce, "Ki yi min alkawari Inna ba za ta ji daga bakinki ba." Ta yi alkawari. Da ta san abin da ke cikin alkawarin, da ta fara faɗaɗa rigunanta tun ranar.

Domin Inna ba ta san wata hanyar nuna so ba sai ta tukunya. Kullum da rana tana aiko wa autanta kula, kuma dokarta sananniya ce: kular da ta dawo da saura, zagi ce. Zubarwa? Siririya na tsoron Allah, ga kwandon shara ma dab da tagar Inna yake. Kai wa maƙwabta? Ko allura ba ta fita daga gidan ba tare da Inna ta ƙirga ta ba. Firij kuwa, in ta leƙo gaisuwa, shi take fara gaisarwa. Sun gwada kyanwar gidan, ta yi sati biyu tana aiki tsakani da Allah, daga nan ta yi ƙiba ta ajiye aiki, ko ta ga kula sai ta juya baya.

Saura mutum ɗaya.

Cikin wata uku, Auta ya huda sabbin ramuka biyu a bel ɗinsa. Siririya kuwa, wadda ta samo sunanta tun tana yarinya saboda iska na iya ɗaukarta, kumatu suka fito, wuya ya yi gammo. Da yake tela ce, sai ta riƙa rage wandunansa da safe, ta ƙara wa siket ɗinta ƙyalle da yamma. Abin da ta yanko daga nasa, shi take jonawa a nata.

Inna dai na kallo ta taga, tana lissafinta.

Ranar hutu babbar yayar Auta ta zo gidan, aka kira Siririya ɗakin Inna. Ta durƙusa ta gaishe su, gwiwa na ƙara.

"Amarya," in ji Yaya Babba, tana ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, "kin ga ƙanena kuwa kwanan nan? Ko kumatun sun tare miki gani?"

"Ina ganinsa, Yaya."

"Mutumin da muka ba ki sai an buɗe ƙofa biyu yake shiga, yanzu ya koma kamar rigar da aka shanya. Me kike ba shi?"

"Yana cin daidai cikinsa, Yaya."

"Ke kuma daidai na wa kike ci?"

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce a hankali, "Ni dai abinci nake aikawa, kula na dawowa fes. Ɗana na ramewa, matarsa na cika. Ban yi boko ba, amma wannan lissafin bai fi ƙarfina ba."

Siririya ta sunkuyar da kai. Maganar ta zo mata har maƙogwaro, ta haɗiye ta. Ai ta saba haɗiye abin da ya fi wannan nauyi.

Da Auta ya dawo daga tafiyar ƙafarsa ta yamma ya tarar da ita gaban keken ɗinki, hawaye na ɗiga kan ƙyalle. Ta faɗa masa yadda aka yi. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko kwalbar.

"Shi ke nan, na daina. Gobe zan cinye kular har in suɗe murfin. A bar ki ki huta."

Ta miƙe ta fizge kwalbar daga hannunsa.

"Ka daina? Bayan kilo goma sha ɗaya? Bayan likita ta ce jininka ya fara gyaruwa? Da kake hawa matattakala kana huci kamar injin niƙa, yanzu fa?"

"Amma ana zaginki saboda ni."

"A zage ni. Gara a kira ni mai haɗama da a kira ni matar marigayi. Magani ba za ka daina ba sai wadda ta rubuta ta ce ka daina. In kana son ka hutar da ni, ga ɗakin Inna can, taku goma ne. Ka je ka faɗa mata da bakinka."

"In jininta ya hau fa?"

"To sai in ci gaba da cin kaza. Ni bakina na ɗinke shi, kuma ka san ɗinkina ba ya warwarewa."

Ya ce zai faɗa gobe. Gobe ta zo, ya ce jibi. Namiji da tsoron uwarsa, sai a hankali.

Kwana huɗu bayan haka asiri ya tonu. Auta ya yi cokalinsa biyar ya koma aiki. Siririya ta zauna a ƙasa, kula tsakanin ƙafafu, cinyar kaza a hannu. Ashe Inna ta cire takalmi ta lallaɓo. Labule kawai aka ɗaga.

Suka kalli juna. Mai na bin gwiwar hannun Siririya.

"Ci gaba mana," in ji Inna. "Ko in ƙaro miki miya?"

"Inna…"

"Ni da ciwon bayana nake tsayawa kan murhu don ɗana, ashe ke nake kiwo. In kina da abin faɗa, faɗi."

Siririya ta buɗe baki, ta tuna hannun da ya riƙe nata ranar nan, ta rufe.

"Ba ni da abin faɗa, Inna. Ki yi haƙuri."

"To haɗa kayanki. Ki je gidanku, sai ɗana ya mayar da jikinsa."

Ba ta yi musu ba. Ta jawo akwati. Amma kafin ta ɗauki ko ɗankwali, sai da ta rubuta a 'yar takarda, "Ƙwaya ɗaya da safe, ganin likita ranar Talata," ta liƙa a jikin madubi. Sannan ta sa rigar fita, zif ya hau rabi ya ƙi gaba, ta ja da ƙarfi, ya yage. Nan fa kukan da take riƙewa wata uku ya ƙwace.

A haka Auta ya same ta da la'asar, zaune kan akwati. Ya karanta takardar madubi. Ya ɗauki kwalbar da takardun asibiti, ya kama hannun matarsa, suka yi takun nan goma.

Ya durƙusa gaban uwarsa ya zayyana mata komai: jirin, sikelin, abin da ke sallama a bakin ƙofa, da alkawarin da ya ɗora wa baiwar Allah. Siririya na gefe tana kallon Inna, ta shirya tarbe ta in ta faɗi.

Inna ba ta faɗi ba. Ta karɓi kwalbar tana jujjuyawa.

"Haka na riƙa cika wa ubanka faranti," ta ce. "Likita na cewa a rage, ni ina cewa me likita ya sani game da mijina." Ta goge ido da bakin mayafi. "Na ga ƙafa ɗaya ta tafi a gidan nan, Auta. Kana ganin labari ne zai kashe ni? Ɓoyewar ce ta kusa sa in kori 'yar mutane."

Ta juyo.

"Ke, matso nan. Wata nawa kina cin na mutum biyu?"

"Uku da kwana tara, Inna."

"Har da ranar da na yi taliya da ƙafar saniya?"

"Har da ita. Ranar a zaune na yi salla."

Dariya ta kuɓuce wa Inna cikin hawaye. Ta jawo ta jikinta, hannu ya faɗa kan yagaggen zif.

"Yafe min, 'yata. Na ga kumatu, ban ga dalili ba."

Washegari kula ta iso kamar kullum, amma 'yar ƙarama, da gasasshen kifi da ganye, an raba biyu. Siririya ta dubi kwalbar da ke kan tebur ta ce, "Maigida, ɗan sam min ɗaya mana, ko zif zai yafe min."

"Sori, madam. Da sunana aka rubuta. In kina so, ga likita can, ita ta san jinin kowa."

Daga taga Inna ta ɗaga murya: "Ba ƙwaya ba komai. Ku sa takalma ku biyun, zagaye biyar, ina ƙirgawa."

Talatar da ta biyo baya su uku suka je asibiti, Inna ce a gaba riƙe da katin, ta tsare likita da tambaya har layi ya yi tsawo.

To, 'yan uwa, ku ɗauki darasi. Mai haƙuri da riƙon alkawari ba ya taɓewa, ko da an kama shi da cinyar kaza a hannu. Maza kuma ku ji: ciwon da ka ɓoye wa uwarka, matarka ce ke ɗaukar nauyinsa. Iyaye mata, so ba a cika faranti kaɗai yake ba, wani lokacin rage cokali ne.