Guntun Kafet a Kan Rufi

Ana gab da la'asar, wata Asabar a watan Nuwamba, aka bugo wa Sufeto Badariyya Nuruddeen waya cewa wani saurayi ya faɗo tsakanin benaye biyu a unguwar Thamesmead da ke London.

Tsofaffin benayen kankare ne da aka kwashe mutanen cikinsu ana shirin rushewa. Ko da ta isa an riga an lulluɓe gawar. Wata doguwar igiya mai faɗi, irin bel ɗin mota, tana reto daga rufin bene ɗaya, ɗaya bakin nata yana yashe a ƙasa.

Sunan mamacin Zaid Ɗalha, haifaffen London. Wasan da ya yi ajalinsa suna kiransa highline: a ɗaure igiya daga wannan rufi zuwa wancan, mutum ya taka ta ya ƙetare. Badariyya ba ta ga abin sha'awa a ciki ba, amma dai ba wanda ya nemi ra'ayinta.

Mutum biyu ne tare da shi. Na farko abokinsa Choji, mutumin Jos, mai sana'ar wanke tagogin dogayen gine-gine a kan igiya, shi ne ya yi ɗaurin. Na biyu mahaifin Zaid ne, Alhaji Ɗalha, tsohon ma'aikacin gidan rediyo, wanda ya zo da kyamara don ya ɗauki ɗansa. Yana buɗe baki Badariyya ta gane muryar. Da ita ta tashi, tana fitowa daga rediyon mahaifinta kowace safiya a Kano.

“Sannu da haƙuri, Baba,” ta ce. “Kana ina abin ya faru?”

“A rufin can nake, 'yata, ni kaɗai da kyamarata. Su biyun suna wancan.”

“Ka taɓa wani abu a cikin kayan?”

“Ni me na sani a kan igiya? Zaid ya ce kada in taɓa komai.”

Ta hau rufin da ya nuna tare da Choji. An zagaye wani ginshiƙi da manyan madaurai biyu, suka wuce ta kan bakin katangar rufin kafin su haɗu da igiyar. Duka biyun sun tsinke a wuri ɗaya, daidai kaifin kankaren. A ƙarƙashinsu akwai guntun koren kafet a shimfiɗe.

“Me ya sa biyu?” ta tambaya.

“Ɗaya ke riƙe da igiyar, ɗaya na ko-ta-kwana ne, Madam,” in ji Choji. “Zaid yana ɗaure da igiyar a ƙugu. Ko ya zame, rataye zai yi. Ya sha zamewa haka. Yau ma zamewa ya yi, igiya ta yi lilo, sai kawai na ga babu shi.”

“Kafet ɗin fa?”

“Don kada kaifin katanga ya ci madauri. Ni na sa shi da hannuna, sannan na sauka na hau wancan benen, don daga can ake ɗame igiya.”

“Bayan ka ɗame ta, ka dawo ka duba nan?”

“Na yi checking.”

Ƙarya ce, kuma ba ta kwana ba. Mai gadin wurin ya ce tunda Choji ya hau bene na biyu bai sauko ba sai da abokinsa ya faɗo. A ofis Badariyya ta ajiye masa wannan magana a gabansa, sai ya kifa kai a tebur.

“Lift ba ya aiki, Madam. Rana kuma tana gudu. Ƙa'ida ita ce a koma a duba da ido, na sani. Sai na kira Baba a waya na ce, kafet yana wurinsa? Ya ce yana nan.”

Ta kira Alhaji Ɗalha, ya tabbatar. An kira shi, ya duba, kafet yana nan. “Ai ke ma kin gan shi,” in ji shi.

Ta gan shi kuwa. To in kafet yana wurinsa amma madaurai suka tsinke, sai dai a ce kayan ruɓaɓɓu ne, kuma wanda ya zaɓe su ya riga ya yi mata ƙarya sau ɗaya. Ta sa aka tsare Choji bisa zargin sakacin da ya jawo asarar rai. Ya roƙe ta abu ɗaya: yana da ganawa a ofishin shige da fice na Croydon kan takardar zamansa, in wannan tuhuma ta hau kansa shi da matarsa Damaris sun gama zama a ƙasar. Badariyya ta ce wannan ba aikinta ba ne. Ta faɗa da sanyin murya irin na mai gaskiya, kuma a lokacin ta ɗauka ita ce mai gaskiyar.

Ranar Litinin masanin kayan hawa da ofis ke hulɗa da shi ya rushe mata lissafi. Madauran sababbi ne, na ainihi, masu ɗaukar nauyin da ya ninka wanda aka ɗora musu. Rana ba ta ci su ba, ƙarafan haɗin ma lafiya lau. Laifin Choji biyu ne a ganinsa: ya bi da duka madauran ta kan kaifi ɗaya, kuma bai ɗaure kafet ɗin a jikinsu ba yadda ba zai zame ba.

“Amma ga abin da ya ɗaure min kai,” ya ce da Turanci, yana nuna mata hoto. “Zaren madauri ya narke ya manne a jikin kankare, a ƙarƙashin kafet. Shi kuwa kafet ɗin ko kwarzane babu a fuskarsa. Bayansa ne duk kashin tattabara, alhali a bakin katangar babu kashin tattabara ko ɗis.”

Ba sai an yi mata fassara ba. Lokacin da kankare ke yanka madaurai kafet ba ya wurin. Bayan an gama ne aka mayar da shi, kuma mutum ɗaya ne a kan rufin.

Zuciyarta ta ƙi. Ta ce wataƙila iska ce ta ɗauke shi, dattijon ya mayar cikin ruɗewa. Ta ce wane uba ne zai zare abin da ke riƙe da ran ɗansa? Ta yi ta kawo masa uzuri iri-iri, abin da ba ta yi wa Choji ko sau ɗaya ba. Da ta lura da haka sai kunya ta kama ta, ta ɗauki makullin mota.

Ta hau rufin ita kaɗai, tana haki. An yi yayyafi da safe kamar ranar Asabar, ko'ina a jiƙe. Ta zagaya, ta sami inda tattabaru ke taruwa, a wani lungu bayan tankin ruwa inda iska ba ta bugawa. Tana tsaye tana nazari wayarta ta sanar da ita azahar ta yi. A wannan watan azahar da la'asar kusan a manne suke, in ta ce sai ta koma ofis lokaci ya fita. Tana da alwala. Ta duba alƙibla a waya, ta ga lungun nan ne ya fi dacewa, sai dai ƙasan ba ya taɓuwa. Ta waiga tana neman kwali ko leda, wani abu dai da za ta shimfiɗa.

Idonta ya sauka a bakin katanga, daidai inda koren kafet yake shekaranjiya.

Ta daɗe a tsaye. Da yana nan, da ita ma hannunta ya kai kansa.

Gidan Alhaji Ɗalha flat ne a hawa na biyu. 'Yan ta'aziyya sun ragu lokacin da ta je, ta bar ɗan sanda ɗaya a mota. Mahaifiyar Zaid, Hajiya Zubaida, ita ta buɗe mata. A jikin ƙugiyar bayan ƙofa akwai wata ƙaramar darduma ta tafiya, a naɗe.

“Ta Baba ce wannan?” Badariyya ta tambaya.

“Tasa ce. Ba ya fita sai da ita. Ranar ce kawai ya manta ta, don Zaid yana ta horn a ƙasa. Har na leƙa taga ina ɗaga masa ita, ba su gan ni ba.”

Alhaji Ɗalha yana zaune a falo, ya rame a kwana biyu kamar wanda ya yi wata yana jinya. Ta zauna a ƙasa da shi kaɗan, yadda aka koya mata zama a gaban manya, ta sanar da shi haƙƙinsa na yin shiru da na neman lauya. Ya ɗaga hannu alamar ya ji.

“Baba, ka yi azahar ranar Asabar?”

“Na yi.”

“A ina?”

“A kan rufin.”

“A kan me?”

Hajiya Zubaida tana tsaye a bakin ƙofar kicin da kofin shayi a hannu.

“Rufin a jiƙe yake, dardumarka kuma tana nan,” in ji Badariyya. “Akwai yaro a tsare tun shekaranjiya, Baba. Ni na tsare shi, a kan maganarka. Ban tambaye ka komai ba saboda da muryarka na girma. Wannan laifina ne, zan ɗauka. Amma ba zan bari ya ƙara kwana a can ba.”

Dattijon ya dubi tafin hannunsa. Da ya fara magana, muryar da ta sani ta rediyo ba ita ce ta fito ba.

“Madauran a sake suke lokacin. Na ja kafet ɗin ya fito ba wuya. Na ce raka'a huɗu ce, in idar in mayar, wa zai sani? Ina cikin tahiya na ji igiya tana ƙara, suna ɗame ta daga can. Da na sallame na zo in tura shi, ko farce ba ya shiga.”

“Sai Choji ya kira.”

“Sai ya kira.”

“Me ya hana ka faɗa masa?”

“Kunya. Shekara nawa ina zagin wasan nan, ina ce masa aikin banza. Ranar ce ta farko da ya gayyace ni. A mota yana ta murna, ina yi masa Hausa yana mayar min da Turanci, ya ce abu ɗaya yake roƙona, kada in taɓa komai. In ce musu su sassauta igiya, su sake aikin da suka wuni suna yi, saboda tsoho ya taɓa? Na dubi madauran, ga su kamar za su ja mota. Na ce guntun kafet me zai hana, me zai kawo. Na ce wa yaron yana nan.”

Sai ya ci gaba.

“Ina kallo ta cikin kyamara ya zame. Na ji kankare yana cin su, ƙiii, ƙiii, a gefena. Na buɗe baki, kafin in yi magana sun rabu. Ban san lokacin da na ɗauko kafet ɗin na shimfiɗa ba. Wallahi ba don a kama Choji na yi ba. Don kada uwarsa ta sani ne.” Sai a lokacin ya juya wajen matarsa, amma bai iya ɗaga ido ya kai fuskarta ba. “Tun ranar, in na kai goshina ƙasa ƙarar nan nake ji.”

Badariyya ta fita baranda ta buga waya ofis, ta ce a fara shirin sakin Choji. Zai amsa tambaya a kan ganganci irin nasa, amma ba a kan ƙaryar wani ba. Ta san sai ta je ta tsaya a gabansa da kanta ta ba shi haƙuri, kuma ta san haƙurin ba zai mayar masa da kwanakin ba.

Ta dawo ta gaya wa Alhaji Ɗalha cewa ta kama shi bisa ɓoye shaida da yaudarar masu bincike, sauran kuma kotu ce za ta duba. Ba ta sa masa ankwa ba. Ya sa hularsa, ya nemi takalmansa, ya bi ta a hankali kamar mai koyon tafiya.

Sun kai bakin ƙofa Hajiya Zubaida ta ce, “Alhaji.”

Ya tsaya. Tun da aka fara maganar ba ta yi kuka ba. Ta ajiye kofin, ta miƙa hannu bayan ƙofa ta sauko da 'yar dardumar, ta kakkaɓe ta, ta ɗora masa a hannu.

“Tafi da abarka,” ta ce. “Kada ka je can ma ka ɗauki ta wani.”

Ta rufe ƙofar a hankali. Har suka sauka ƙasa Badariyya tana riƙe da gwiwar hannunsa.