Mai Ba da Hanya

A cikin cunkoson safe suka fara ganin juna, a mahadar da ke bakin unguwa. Shi malamin lissafi ne, yana zaune shi kaɗai a 'yar motarsa. Ita kuwa nas ce, tana tsaye da fararen kaya, motar haya ta ƙi zuwa. Ta ƙwanƙwasa masa gilashi.

"Malam, dubi layin nan. Kowace mota mutum ɗaya, kujeru sai hamma suke yi. Da maƙwabta za su riƙa haɗuwa a mota guda, ai da titin nan ya sha iska."

Ya ɗago, ya ga idanunta. Ƙofa kawai ya buɗe. Ita ma ba ta shiga ita kaɗai ba, sai da ta jawo wata tsohuwa da wani tela.

Wallahi yarinyar nan akwai kai. Kafin wata ya mutu ta raba maƙwabta rukuni-rukuni a waya, kowa da motar da zai bi. Malam kuwa ya riga ya faɗa tarkon sonta. Ya sa mata suna Danja, don ita ta tsayar da shi.

"Danjata, yaushe za ki nuna mini kore?" ya rubuta mata.

"Direbana, koren yana hannun Baba."

Nan ne gizo ke saƙar, domin Baba ya ga motar kullum cike da mutane, ya ɗauka ɗan kabu-kabu ne ke bin 'yarsa. Ga shi kuma ransa na kan ɗan abokinsa, mai ƙatuwar jif. Ya ce kada ta ƙara shiga motar.

Ta yi kuka ya ishe ta, sannan ta durƙusa gabansa. "Baba, ba zan yi maka musu ba. Amma ka bar kowannensu ya kai ka aiki sau ɗaya."

Mai jif ne ya fara. Da suka iso mahadar ya danne hon, ya bi hannun da ba nasa ba, ya yi kiciɓis da tirela. Titi ya kulle, Baba ya sha zagin da ba shi ya jawo ba.

Washegari Baba ya zauna a gaban motar Malam, fuska a ɗaure. Inda layi biyu ke komawa ɗaya, Malam ya taka burki, ya yi wa wani nuni da hannu ya shige, sannan ya bi bayansa. Na baya ya gani ya kwaikwaya. Layi ya soma tafiya.

"Ka san mutumin ne?" Baba ya tambaya.

"A'a, Baba. In kowa ya bar ɗaya ya wuce, duk za mu isa."

Suka isa, Baba ya tashi sauka. Ya riƙe ƙofa, ya dube shi.

"Kai da ke ba wanda ba ka sani ba hanya, 'yata ba za ta sha wuya a gidanka ba. Ni ma na ba ka hanya. Turo manyanka."

Da ta ji labari, saƙon da ta tura wa Malam kalma ɗaya ce: "Kore."

Ranar ɗaurin aure 'yan unguwa suka zo a haɗe, ba a toshe wa kowa titi ba. Kujerar gaba dai har yau Baba bai sake ta ba, amarya a baya take zama tana yi wa mijinta murmushi ta madubi. Allah ya bar su tare, ya buɗe musu hanya.