Kofin Malam Bunu

Ranar da Lauratu ta fara ganin Talha, abincin rana ta kai wa mahaifinta a tsohon gidan ruwa da ke hanyar Chinade. Yana tsaye bakin tanki, ya ɗaga kwalba yana duba ruwan a hasken rana. Sabon ma'aikaci ne da aka turo Azare don gwajin ruwa. Ya gaishe ta, ta ja mayafi ta wuce.

Kafin damina ta faɗi ya san ƙofar gidansu. Yana kiranta Laurena, ita kuwa ko sunansa ba ta iya faɗa.

Mahaifinta, Malam Bunu, ya shekara ashirin da takwas yana kula da injinan wurin. Kowa ya san al'adarsa: kullum da safe, kafin ya sako wa gari ruwa, sai ya tara a kofinsa na silba ya sha.

A shekarar aka kafa kwamiti ya duba ko a gyara gidan ruwan, ko a rushe a gina sabo. Malam Bunu gyara yake so, don in aka kawo injinan zamani, shi sai ritaya. Talha kuwa gwajinsa ya nuna tankin ya tsage ta ƙasa, ƙazanta na shiga duk lokacin da aka yi ruwan sama.

Malam Bunu ya tsayar da shi a zaure ya ce, "In ka ce musu a rushe, ka manta hanyar gidana."

Saƙo ya shigo wayar Inna, wadda Lauratu ke ara:

"Laurena, ran Laraba zan tsaya gaban kwamiti. In na yi shiru, yaran gari za su ci gaba da shan ruwan nan. In na yi magana, na rasa ki. Wallahi tsoro nake ji."

Ta rubuta masa:

"Ni ma tsoro nake ji. Amma kada ka yi ƙarya saboda ni."

Ta tura, ta shiga ɗaki ta yi ta kuka. Dama amai da gudawa sun fara a unguwa, an kwantar da 'yar maƙwabciyarsu Baturiya a asibiti. Kuma akwai abin da ya fi tsorata ta. Tun farkon damina Baba ya ce a gidansa ruwan rijiya kawai za a sha, a tafasa. Wata safiya ma da idonta ta gan shi ya tara kofin nan, ya waiga, ya zubar a ƙasa.

Ran Talata bayan la'asar Baba yana zaune a tsakar gida, ta ɗauki kofin, ta cika a famfo, ta durƙusa gabansa. Ba ta taɓa musa masa magana ba. Ta ɗaga kofin ta kai baki.

Ya doke hannunta, ruwan ya watse a tabarma.

"Ke! Kada ki sha."

Kanta a ƙasa ta ce, "Baba, ai shi 'yar Baturiya ta sha."

Ya miƙa hannu ya ɗauki kofin, ya kife shi a tabarma.

Ran Laraba, kafin Talha ya buɗe baki, Malam Bunu ya miƙe. Ya faɗa wa kwamiti damina uku yana toshe tsagar da siminti tana sake buɗewa. Ya ce yaron nan gaskiya ya gani, a rushe.

Bayan babbar salla aka ɗaura aure. Ranar da za a kai amarya, Malam Bunu ya kira ango zaure, ya damƙa masa kofin.

"In an gama sabon gidan ruwan, kai za ka fara sha. Ran da ka kasa, ka faɗa. Kada ka yi irin shirun da na yi."

Ya sa musu albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Daga bayan labule Lauratu ta amsa da amin a hankali.